Zailani Ƙafa-Ɗaya

Daga Kwanar Dangora har Doguwa, duk wanda ya yi biki ko suna ko walimar sauka a shekarun casa'in, in dai yana da halin kiran mai bidiyo, ya san Zailani. Sanin kuwa ba na daɗi ba ne. Dogo ne siriri, fuskar nan kullum a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ba ya gaida kowa sai an gaishe shi, in an gaishe shin ma da hanci yake amsawa. Sai dai aikinsa ba shi da na biyu a wannan yanki. In ka sa kaset ɗin da ya ɗauka, hoto zai tsaya maka cak, ba rawa ba tangal-tangal. Shi ya sa mutane suke haɗiye takaicinsa su kira shi, in ya tafi su zage shi son ransu.

Asalinsa ɗan ruga ne daga gefen dajin Falgore, irin gidajen nan da suke kiwo kuma suna noman dawa da masara. Abin da ya raba shi da ruga sharo ne, a wata kaka kafin canjin kuɗin tamanin da huɗu. Ya shiga fage yana saurayi sabon tashe, ya tuɓe riga, ya ɗaga hannu sama, ya riƙe madubi yana kallon fuskarsa kamar yadda ake yi, don kada ta nuna zafi. Wanda zai dake shi sa'ansa ne, Hamidu, daga rugar ƙetaren rafi. Hamidu ya yi ta kewaya shi, makaɗa suna zuga, can ya sauke masa tsumagiyar tsamiya a haƙarƙari. Madubi ya suɓuce ya faɗi. Zailani ya dafe wurin da hannu biyu, ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe a gaban 'yan matan duk rugagen da suka hallara.

Faɗarsa har kullum ita ce Hamidu ya ha'ince shi, ya dake shi tun bai gama shiri ba. Waɗanda suke wurin sun ce ƙarya yake, dukan da ake yi wa kowa aka yi masa. Ko ma wanne ne, wanda ya durƙusa ba shi da bakin cewa zai rama, don haka bai taɓa ɗaga wa Hamidu bulala ba. 'Yan mata suka sa shi a waƙa. In sun ɗauko nono za su kasuwa suka hango shi, sai ɗaya ta dafe haƙarƙari ta ranƙwafa, sauran su kwashe da dariya. Damina ba ta faɗi ba ya bi motar itace zuwa Tudun Wada, bai yi wa kowa sallama ba. Abu ɗaya ya tafi da shi a ransa, wato wata rana sai ya ga Hamidu ya sunkuyar da kai a gaban jama'a kamar yadda shi ya sunkuyar.

A Tudun Wada ya faɗa hannun Alhaji Bature mai hoto, wanda ya ba shi wurin kwana a shago ya koya masa wankin hoto da ɗauka. Da bidiyo ya fara shigowa ƙauyuka, Alhaji Bature ya je Kano ya sayo kyamara irin ta saɓawa a kafaɗa, mai nauyi kamar buhun gishiri, tare da abin ɗora ta mai ƙafa uku. A cikin shago abin ya yi, don ƙasa shafe take da siminti. A ƙofar gidan biki kuwa masifa ce. Ƙasa nan tudu nan kwari, sai ka gama daidaita ƙafafun ango ya tashi ya koma wani wuri, ka naɗe ka bi shi, kafin ka sake kafawa an shafa fatiha. Yara su yi tuntuɓe da ƙafa ɗaya, mata su ja ɗaya da gefen zani. In kuma ka ce a kafaɗa za ka riƙe, da ka jawo fuskar mutum kusa sai numfashinka kaɗai ya sa hoton rawa, masu kallo su riƙa jin jiri. Ranar wani suna a Kiru, ragon sunan ya ƙwace ya kutsa tsakanin ƙafafun, saura ƙiris kyamara ta sha ƙasa. Alhaji Bature ya wanke Zailani tas a gaban mutane, har da ce masa ɗan daji.

Washegari Zailani ya hau mota zuwa Kwanar Dangora wurin wani mai walda. Ya sa aka yanko bututun ƙarfe biyu, ƙarami yana shiga cikin babba, aka haɗa su da irin notin da ake ɗaure sirdin keke, don ya tsawaita ko ya gajarta yadda ya ga dama. A sama aka liƙa faranti da kusar da ke shiga gindin kyamara, a ƙasa aka sa guntun taya don kada ya zame. Ya dawo da abin a kafaɗa, ya ɗora kyamara a gaban maigidansa.

"Kai Zailani, kanka ɗaya kuwa?" in ji Alhaji Bature. "Kyamarar tawa za ka kafa a kan sanda? Waɗanda suka ƙera ta uku suka ba ta, kai ka fi su sani?"

"Alhaji, ga ɗaya, ga nawa biyu. Nawa ke nan?"

"In ka saki fa?"

"Wa ya ce zan saki?"

Tsayuwar kuwa ba koyonta ya yi ba, da ita ya tashi. Duk wanda ya yi kiwo ya san yadda ake kafa sanda a ɗan gaba, a buɗe ƙafafu, a jingina nauyi a kanta, a wuni a haka ana kallon shanu. Haka Zailani yake yi wa kyamara. Ya matse gwiwoyin hannu a jiki, ya manna ido, in zai juya ya juya da ƙugu. In abu ya tashi a can gefe, ya ɗaga ƙarfen ya kutsa cikin mutane ya sake kafawa, wurin da zai isa mutum ɗaya tsayuwa ya ishe shi. Nauyin yana kan ƙarfe, shi nasa riƙewa ne kawai. Tun daga nan aka sa masa Ƙafa-Ɗaya, yana jin haushin sunan, shi ya sa ya bi shi.

Da ya samu tasa kyamarar, ina kuke tsammani ya buɗe shago? Daura da na Alhaji Bature, titi ne kawai a tsakaninsu. Ya kwashe masa masu biki kaf, kuma ko gaisuwar Juma'a ya daina yi masa. Mutumin da ya ba shi tabarma ranar da ba shi da kowa a garin. In wannan ba butulci ba ne, to a faɗa mana sunansa.

Wani halin nasa kuma, ba ya ɗaukar biki don masu biki su ji daɗi. Idonsa yana kan abin kunya. Dattijon da ya sunne tsokar nama a aljihu, limamin da gyangyaɗi ya kwashe ana tsakiyar addu'a, ɗan'uwan ango da ya tsaya bayan rumfa yana sosa inda ba a sosawa a gaban mutane, duk sai ya jawo su kusa, ya tsaya a kansu, hoto garau. In an yi masa magana ya ce shi abin da ya gani ya ɗauka. Bukukuwan ruga ne kaɗai ba ya zuwa, ko nawa za a ba shi.

Ana nan, wata kaka wajen casa'in da huɗu, wani dillalin shanu a Doguwa zai aurar da ɗansa, ya shirya sharo, ya aiko a kira Zailani. Zailani ya ce ba ya zuwa. Ɗan aiken yana ta roƙo, yana lissafa masa samarin da za su shiga fage don ya kwaɗaita masa, har ya ambaci Sani, ƙanen Hamidu na ƙetaren rafi. Wai wannan ce shigarsa ta farko, kuma Hamidu ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Zailani ya ɗago kai. Ya ce a gaya wa dillalin yana nan tafe.

Matarsa Laraba ta ga yana goge gilashin kyamara yana murmushi, abin da ba ta saba gani ba.

"Malam, ba kai ka ce ƙafarka ba za ta ƙara taka filin sharo ba?"

"Na ce. Yanzu kuma na fasa."

A wani fili bayan gari aka yi, inda aka riga aka girbe dawa, duwatsu suna can gefe. Jama'a ta cika maƙil. Zailani yana ɗaura kyamara a kan ƙarfensa sai ga Hamidu, ya yi ƙiba, ya ajiye gemu, samari suna ba shi hanya. Ya tsaya ya ƙare wa Zailani kallo daga sama har ƙasa.

"A'a, Zailani ne? Ashe kana duniya."

"Ina nan."

"To madalla. Ka dai riƙe abin nan da kyau, kada ya suɓuce maka. Na san hannunka."

Na kusa suka tuntsire da dariya. Shi ma Hamidun ba kanwar lasa ba ne, bakinsa ya fi bulalarsa zafi. Zailani ya ji maganar har tsakar kansa, ya ƙara matse notin.

Fagen sharo ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai duka yana kewaya wanda zai daka, makaɗa suna bin su, jama'a tana matsowa ana kora ta baya. Da mai ƙafa uku ne, sai dai a kafa a can nesa a ɗauko ƙeyar mutane. Zailani kuwa yana cikin tsakiya, ya kafa nan, ya ɗaga, ya kafa can. Kuma ya san abin da baƙon mai bidiyo ba zai sani ba. Madubin da saurayi yake riƙewa yana kare masa fuska daga na gabansa, damtsensa da ya ɗaga yana kare ta daga na gefe. Saura wata 'yar kafa ta ƙasan gwiwar hannu, wadda sai wanda ya rage tsawo zai gani ta ciki. Da Sani ya fito, Zailani ya kwance noti, ya gajarta ƙarfen, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya jawo fuskar yaron har ta cika masa ido.

Sani kyakkyawan saurayi ne, ya sha kitso da kwalli, yana ta kirari. Bulalar farko ta sauka, ko gezau. Ta biyu ta sauka a kan sawun ta farko, fata ta tsage, jini ya biyo haƙarƙari. Sani ya yi ihun kirari ya daka tsalle, fili ya ɗauki guɗa, 'yan mata suka rufe shi suna masa fifita, Hamidu ya ɗaga sandarsa sama yana juyi. A idon duk wanda yake wurin, yaro ya ci fage.

Zailani kaɗai ya ga abin da ya faru tsakanin saukar bulalar da tsallen. Leɓen yaron ya yi rawa, idonsa na hagu ya ciko, hawaye ɗaya ya gangaro ta gefen hanci, ya yi wuf ya shafe shi da damtse kamar gumi. Ƙiftawa da bisimilla ne. Da a kafaɗa kyamarar take, da turereniyar jama'a ta watsa hoton. Amma tana kan ƙarfe, Zailani ya ɗauke numfashi, ko motsi bai yi ba.

Ya kai wa dillali kaset ɗinsa, ya ajiye kwafi. Ranar kasuwar Doguwa ya ɗauki kwafin ya nufi gidan kallo, wata rumfar kwano da aka kewaye da zana, da benci-benci da talabijin da janareto. Labari ya riga ya bazu cewa yau za a nuna sharon, samarin rugage suka cika wurin, kowa yana son ganin kansa a talabijin. Hamidu bai zo ba, yana can wajen shanu. Sani yana bencin gaba tsakanin abokansa. Zailani ya ce wa mai gidan kallon ya matsa, shi zai sarrafa na'urar da kansa.

Aka kalli saurayi na farko, aka kalli na biyu, ana ta shewa. Da aka zo kan Sani, bulala ta biyu ta sauka, sai Zailani ya tsayar da hoton. Ya tariyo baya. Ya sake saki, ya sake tsayarwa daidai inda hawayen ya kai gefen hanci. Fuskar Sani ta cika talabijin.

"Jama'a, ku duba mini nan," in ji shi. "Ni idona ba shi da kyau. Mene ne wannan?"

"Gumi ne!" wani abokin Sani ya faɗa da ƙarfi.

"To bari mu ga daga inda gumin ya fito."

Ya sake tariyowa. Kowa ya ga idon ya ciko, ya ga leɓen, ya ga damtsen ya zo ya share. Da hoton yana rawa, da an sami abin musu. Wani dattijo ya miƙe ya ce wannan ba fulako ba ne, abin da fage bai gani ba bai faru ba, ya tofar da yawu ya fita, wasu suka bi shi. Amma samarin da Sani ya sha gabansu a fage suka samu abin da suke so, rumfa ta kaure da ihu. Sani ya tashi ya ratsa su ya fita, bai kalli kowa ba. Zailani ya sake tariyowa don waɗanda suka shigo a makare.

Daren ranar ya ci tuwo har da neman ƙari. Laraba ta riga ta ji labari wurin masu dawowa daga kasuwa, ta ajiye masa kwanon da ƙarfi.

"Malam, shi yaron me ya yi maka? Lokacin da aka yi abin nan ko kiwon maruƙa bai fara ba."

"Jininsu ɗaya."

"Ka bar jaki kana dukan taiki. Allah ya kyauta."

Ya ce ta rufe masa baki. Shi jira yake. Ya san labari zai kai ƙetaren rafi, ya san Hamidu zai zo, ko da roƙo ko da faɗa. In roƙo ne, zai bar shi a tsaye a bakin titi kowa ya gani. In faɗa ne, ya nuna abin ya ci shi ke nan. Ko wanne ya zo, riba ce.

Labarin da ya riƙa iso masa duk mai daɗi ne a kunnensa. An sa Sani a waƙa. Ya daina zuwa kasuwa. Yarinyar da take saurarensa ta daina fitowa. Ya daina cin abinci cikin 'yan'uwansa, sai ya ɗauki ƙwarya ya koma bayan garke.

Hamidu ya zo, da hantsi, ranar da titin Tudun Wada yake cike. Ba shi kaɗai ba ne. Sani yana bayansa, ya aske kitson, ya rame, da tabarma a naɗe a hammata da 'yar jakar kaya. Zailani ya fito bakin shago ya harɗe hannu. Masu shayi da mai faci suka bar abin da suke yi. Alhaji Bature ma ya jawo kujera ƙofar shagonsa ya zauna.

Hamidu bai yi sallama ba.

"Ga shi nan na kawo maka."

"Ka kawo mini wa?"

"Ruga ba ta zaunu masa. Kai ka san yadda ake yi in ta ƙi mutum, kai ka fara bin hanyar. Sai ka nuna masa."

"Ni na haife shi?"

"Kai ka mai da shi haka. Ni na yi nawa, na raine shi har ya tsaya a fage ya ci. Daga nan naka ne."

Zailani ya zuba wa fuskar Hamidu ido, yana neman abin da ya shekara goma yana jira. Babu. Fuskar tana nan kamar an sassaƙa ta. Hamidu ya lura, ya matso har suna jin numfashin juna.

"Hawayena kake nema? Shiga ka ɗauko ƙarfen naka ka kafa, ka jawo ni kusa. Ina jira."

Zailani bai motsa ba. Hamidu ya ɗan tsaya, sannan ya juya. Sani ya kira yayansa a hankali, "Hamma." Hamidu bai waiwayo ba, ya tsallaka titi ya shiga motar Doguwa. Daga can ƙetare aka ji dariyar Alhaji Bature, irin ta wanda ya daɗe yana jiran ranar.

Sani ya shimfiɗa tabarmarsa a gefen ƙofar shago ya zauna.

"Kai, tashi ka ba ni wuri," in ji Zailani.

"In tafi ina?"

"Inda ka ga dama."

"Kai da ka fito, da wanda ka tarar ya ce ka tafi inda ka ga dama, ina za ka?"

Wani mai shayi ya ce, "Faɗa masa dai." Zailani ya duba hagu ya duba dama, duk idon titi yana kansa, kuma babu ido ɗaya da yake tare da shi. Ya koma cikin shago ya saki labule.

Da magariba Laraba ta aiko aka shigar da tabarmar zauren gidansu, ba ta nemi izinin kowa ba. Zailani ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ce gobe sai yaron ya bar masa gida. Goben ba ta zo ba, don ya san ranar da ya kore shi, babu mai ƙara kiransa biki daga Bebeji har Doguwa. Sani ya zauna. Ya kama dako a tasha, daga baya ya koma gyaran rediyo, amma kwana a zauren nan yake. Bai taɓa gaida Zailani ba, bai taɓa zaginsa ba. In Zailani zai fita da safe, da kyamara a hannu da ƙarfe a kafaɗa, dole ta zauren zai bi, Sani yana zaune yana kallonsa har ya wuce. In ya dawo ma haka.

Hamidu kuwa yana can cikin shanunsa, ana ba shi hanya in ya shigo kasuwa, bai ƙara tako Tudun Wada ba. Har shekarun casa'in suka ƙare Zailani yana ɗaukar bukukuwa, hotonsa garau kamar kullum. Laraba ta ce abin da ya canza ɗaya ne. Da can a zaure mijinta yake cin tuwonsa, yana kallon masu wucewa yana kushe su. Tun zuwan Sani ya koma ci a tsakar gida kusa da murhu, ya ba ƙofa baya.